Kawun da Ke Gaida Fuskar Itace

Daga Allah muke, gare shi muke komawa, kuma Kawu ya riga mu isa. Ya rasu a asibiti a Lyon da hantsin wata Talata, aka yi masa sutura a can, a ɓangaren Musulmi na maƙabartar da ke bayan unguwarsu. Zaman makoki kuwa a Montreuil aka yi shi, domin a nan yayansa yake, wanda dukanmu muke ce wa Alhaji. A danginmu inda babba yake nan ake zuwa gaisuwa, ko da mamacin bai taɓa son wurin ba.

An ari babban ɗakin ƙasa na gidan ma'aikata, aka shimfiɗa tabarmin roba, aka ja labule tsakanin maza da mata. Ni 'yar ƙanwarsu ce, ina koyar da Faransanci a wani kolej a Bobigny, don haka aka ba ni aikin da ya dace da ilmina: zuba shayi a kofunan takarda. Mai zuba shayi tana jin komai.

"Allah ya jiƙan Malam. Wai aikin me yake yi a Lyon ɗin ne?" in ji wata baƙuwa da ta zo tare da maƙwabtanmu.

"Yana jami'a," in ji Hajiya, matar Alhaji, tana gyara mayafi.

"Allahu akbar. Ashe farfesa ne."

"Kusan haka."

Kusan haka! Mutum ya shekara talatin da ɗoriya yana koya wa 'ya'yan mutane wasan kwaikwayo da fuskokin itace, ranar mutuwarsa a rasa mai iya faɗin sunan sana'arsa. Wata tsohuwa a gefe ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya yafe masa abin nan," mata suka amsa da amin mai ƙarfi, wadda ta fi ta roƙon aljanna ƙarfi.

A ɓangaren maza akwai wani Bakano ɗan kasuwa, abokin Alhaji, wanda ko a makoki ba ya barin Damagarawa su sha iska. Muryarsa ta keto labule.

"Ni fa na ga bidiyon nan da idona. Ku mutanen Zinder, gaisuwa ta yi muku yawa har kun fara yi wa icce. Har da 'ina iyali', wallahi! Icce, Alhaji!"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake rufewa da tari. Sai kuma na ji muryar tasa ta karye. Ya ce lokacin da aka yi masa aikin ido a Lyon, bai san kowa a garin ba, marigayin ne ya riƙa riƙe masa hannu yana tsallakar da shi titi. Ya fyace hanci, ya nemi ƙarin shayi.

A baranda yaran da aka haifa a nan sun haɗa kai kan waya guda suna kallon bidiyon. Ɗaya ya ce game da Kawu, "Tonton fa gwani ne, franchement." Uwarsa ta leƙo ta harare shi, ya sa wayar a aljihu.

Da aka shafa addu'a, Alhaji ya ɗaga murya yadda duka ɓangarorin biyu za su ji.

"Akwai akwati a ɗakinsa. Kowa ya san abin da ke ciki. Kafin sadakar arba'in zan je Lyon da ƙafata in sa masa wuta. Ba zan bar ƙanena ya kwanta da wannan nauyi ba."

Abin da Alhaji ya sani, kuma na sani, shi ne ɗaliban Kawu suna shirin nuna wasansa na ƙarshe a ɗakin wasa na jami'a kafin wannan sadaka, kuma da fuskokin akwatin nan ake yin wasan. A zaman makoki ba a musu da babba. A rubuce kuwa ana yi, shi ya sa na zauna rubutun nan.

* * *

Kakanmu maharbi ne a wani ƙauye kudu da Zinder, kuma da burtu yake farauta. Ga 'ya'yanmu da ba su san shi ba: burtu wani baƙin tsuntsu ne babba mai yawo a ƙasa, namun daji ba sa gudunsa. Maharbi yakan samu ƙoƙon kansa da dogon bakinsa, ya kafa a kan lanƙwasasshen itace da aka naɗe da fata, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa. Daga nan sai ya riƙa matsawa a hankali, yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar ƙwari, har ya isa inda kibiya za ta kai ga barewa.

Kawu ya zo Faransa ne karatun haɗa magunguna. A hunturunsa na farko a Paris ya shiga wani ɗakin wasa, ya ce ba don komai ba sai don ɗalibai suna shiga kyauta kuma ciki akwai ɗumi. Wasu 'yan Japan ne ke wasa. Wani tsoho ya fito da farar fuskar itace, da fararen safa, yana jan ƙafa a kan dandamali kamar ba ya son ƙasa ta san ya taka ta. Turawan da ke kusa da shi suka fara gyangyaɗi. Shi kuwa Kawu ya ce gashin jikinsa ne ya miƙe, don tun yana yaro bai sake ganin mai irin wannan tafiya ba. Ubansa ya gani.

Daga ranar magunguna suka rasa ɗalibi guda. Ya yi wankin kwanuka a gidajen abinci har ya samu hanyar zuwa Japan, ya zauna hannun wani dattijo mai koyar da wasan da suke kira No.

A wurinsu akwai al'ada: kafin ɗan wasa ya sa fuska, sai ya ɗauke ta da hannu biyu, ya dube ta ido da ido, ya sunkuya mata. Kawu ya ce shi ba zai iya ba, goshinsa wuri guda yake sauka. Dattijon ya ce ta bakin tafinta, to ba zai sa ba. Ba faɗa, ba tsawa. Aka yi watanni sauran ɗalibai suna sa fuska, shi yana jan ƙafa daga bango zuwa bango da fuskar da uwarsa ta haife shi da ita.

Wata safiya ya gaji. Ya ɗauki fuskar da hannu biyu, ya tsaya ƙyam, ya ce mata, "Ina kwana? Ina gajiya? Yaya sanyi? Ina mutanen gida? To madalla."

Dattijon ya tambayi me yake cewa. Kawu ya ce a ƙasarsu ba a sunkuya wa kowa sai Mahalicci, amma kuma ba a faɗa wa gidan mutum ba sallama. Dattijon ya ce, yaya tsawon gaisuwar? Kawu ya ce, gwargwadon girman wanda ake gaisarwa. Dattijon ya ce, "Ta fi sunkuyon namu daɗewa. Sa."

Ban ce haka aka yi daidai ba. Kawu ne kaɗai shaida, kuma ɗan wasa ne. Amma duk lokacin da ya ba da labarin, ba ya canza ko kalma, abin da ba zan iya faɗi game da littattafan tarihin makarantar da nake koyarwa ba.

Daga Japan ya bi ta Indonesiya, ya dawo da wasu fuskokin. Akwai rabin fuska ta 'yan barkwanci, mai barin baki a buɗe. Akwai kuma wadda ba ta da igiya sam, wata 'yar fata ce a ciki ake cijewa da haƙori, muddin tana fuskarka ba ka da ikon magana. Wannan ita ce abar ƙaunarsa. Yakan ce da zai samu dozin biyu da ya raba a taron malaman jami'a.

* * *

Shekarar da na zo karatu Kawu ne ya tare ni a gar, wato tashar jirgin ƙasa, bai kai ni gida ba, ɗakin gwajin wasa ya wuce da ni da jakata. Na tarar da Turawa da Larabawa da baƙaƙe sun yi sahu da fararen safa, kowa da fuska a hannu, suna cewa, "Ina kwana? Ina gajiya?" Na ɗauka gajiyar jirgi ce ta taɓa mini kai.

"Kawu, itace fa suke gaisarwa."

"Na sani, ni na saya."

"Yana ji ne?"

"Ke da kika ci jarrabawa da yabo kike tambayata ko itace yana ji? Dube su. Da gudu suka shigo daga metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, wannan ta yi faɗa da saurayi, wancan bai karya ba. Ramin idon fuskar nan bai kai ƙwayar wake ba. Mai gaggawa in ya sa ta, sai ya faɗo daga dandamali. Kafin su kai 'ina mutanen gida' numfashinsu ya kwanta. Gaisuwar tasu ce, ba ta itacen ba."

Ya ɗauko wata ta fuskar mace, ya ɗan ɗaga haɓarta, sai ga ta tana murmushi. Ya ɗan sunkuyar da ita, sai ga ta kamar za ta yi kuka. Ya ce, "Kin gani? Ba ta yi komai ba. Wuya ne ke aikin." Ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya koma yi wa wani dogon Bature faɗa kan dugadugansa.

A ɗakin ajiye kayan wasa yake sallar azahar da la'asar. Kafin ya shimfiɗa darduma sai ya bi fuskokin ɗaya-ɗaya ya juya su su dubi bango. Na taɓa tsokanarsa na ce, ai ka ce ba sa gani. Ya ce, "Su ba sa gani. Ni ina ganinsu."

Ni ba malamar addini ba ce, ba zan yi fatawa a takardar ta'aziyya ba. Abin da na gani shi na faɗa.

Wasan nasa na ƙarshe ya daɗe yana juya shi a rai. Labarin wata barewa ce da ta dawo bayan mutuwa tana neman maharbin da ya kashe ta, tana so ya gaya mata yadda aka yi ta yarda da shi. Barewar tana sa farar fuskar Japan. 'Yan barkwanci biyu da rabin fuskar Indonesiya suna gefe suna sharhi da Faransancin unguwa, irin na yaran Vaulx-en-Velin inda Kawu ke zaune. Maharbin kuwa da burtu yake fitowa, burtun kakanmu, wanda Kawu ya ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar kakarmu.

Shugaban sashensu, wani mutum mai gyale a wuya rani da damina, ya zo kallon gwaji, ya yaba, ya ce abu ya yi kyau, sai dai shiru ya yi yawa. Ya ce, "Amma ina Afirka a ciki?"

Kawu ya ce, "Ga ni tsaye."

Mutumin ya yi dariya, ya ce nufinsa a ɗan sa ganguna, a samu samari biyu-uku su tuɓe riga su yi tsalle, masu kallo suna son haka.

"Mushe," in ji Kawu, wato "Malam" da Faransanci, "in maharbi ya tafi daji da makaɗi, barewa tsayawa za ta yi ta saurara?"

Ba a sa ganga ba. An dai rage musu ranakun amfani da babban ɗaki, suka koma gwaji a wani ɗakin motsa jiki mai warin takalma. Wani masani kuma ya taɓa rubuta cewa Kawu yana gurɓata tsarkakakken wasan Japan da abin da ba nasa ba. Kawu ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce Faransancin mutumin yana da daɗi.

Akwai wata ɗalibarsa, haifaffiyar Vaulx, iyayenta mutanen Tawa ne, mai sa hijabi. Wata mai taimaka masa da kayan sawa ta ce igiyar fuska ba ta zama a kan ƙyalle, sai yarinyar ta buɗe kai ko ta koma riƙe fitila. Yarinyar ta tattara jakarta za ta tafi. Kawu bai yi wa kowa wa'azi ba. Washegari ya zo da ƙunshin baƙaƙen ɗankwalaye daga ɗakin matarsa, ya ce daga yau kowa zai ɗaura kafin ya sa fuska, maza da mata, don gumi yana ɓata fenti. Aka ga ƙattin samari da ɗankwali suna jan ƙafa. Gumi yana ɓata fenti kuwa, gaskiya ne, amma shekara talatin bai tuna da hakan ba sai ranar. Ita wannan yarinya ya ba rawar maharbi.

* * *

Bidiyon da ake ta magana a kansa wani ɗalibi ne ya ɗauka ya sa a waya, ya zaga Montreuil, ya je Zinder ya dawo da ƙarin bayani. Aka ce bori ne, aka ce ya shiga addinin Sinawa, don a wurin mutanenmu duk abin da ya wuce Makka ta gabas Sin ne. Da babbar salla, muna cin nama a gidan Alhaji, aka yi ta.

"Kai da ka riga ni sauke Alƙur'ani," in ji Alhaji, "ka tsaya gaban duniya kana tambayar gunki lafiyar iyalinsa."

"Yaya, Baba shekara nawa ya yi da kan tsuntsu a goshi?"

"Baba abinci yake nema."

"Ni ma da wannan nake ci."

"Baba barewa yake ruɗa. Kai mutane kake ruɗa."

"Mutanen nan sun san ni ne a ciki, da ƙafarsu suka zo. Barewar ce ba wanda ya gaya mata."

Alhaji ya ture kwano ya tashi. Suka daɗe ba sa magana. Amma duk wanda ya zo daga gida da kilishi, sai Alhaji ya raba biyu ya ce in aika Lyon, kada in ce daga wa.

Dole in yi wa Alhaji adalci, ko don Kawu da ba ya yarda a zage shi a gabansa. Da kakanmu ya rasu Kawu yana ƙarami, Alhaji ne ya bar allo ya shiga dako. Shi ya goya shi a baya zuwa likita lokacin ƙyanda. Ya ji malamai suna faɗin abin da za a tambayi masu sassaƙa siffa ranar hisabi, kuma ya yarda da shi har zuciya. Wutar da yake son hurawa, a ganinsa, wata wutar yake kashewa. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne, kuma so ne. Wannan bai sa ya yi daidai ba.

* * *

Ni Alhaji ya zaɓa in raka shi Lyon, don ni ke iya sayen tikiti ta waya. Muka hau jirgin ƙasa da safe. Yana da ashana a aljihun gaba.

"Alhaji, a ina za ka hura wutar? A unguwar nan ko ganye ka ƙona sai 'yan kwana-kwana sun zo da motoci."

"Za a samu wuri."

"Ɗaliban nan sun shekara suna wahala."

"Su ba ƙanensu ba ne a kabari. Ke kuma ki iya bakinki, ba aji kike ba."

Matar Kawu, wadda muke ce wa Tanti, tana takaba. Muka same ta zaune a ƙasa kan darduma. Aka yi gaisuwa doguwa, aka yi addu'a, Alhaji ya sha ruwa, sannan ya ce a nuna masa akwatin. Tanti ta nuna ƙarƙashin taga da haɓa. Tsohon akwatin ƙarfe ne. Alhaji ya durƙusa da ƙyar, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfi.

Babu komai a ciki sai ƙunshi guda a cikin tsohon baƙin zane.

"Ina suke?"

"Ya bayar, Yaya," in ji Tanti. "Tun farkon shekarar karatu, yana hawan bene da ƙafarsa, ko tari ba ya yi. Ya kira su ɗaya-ɗaya ya sa wa kowa tasa a hannu, gaban shaidu, kowa ya tafi da ita gida. Ya ce kyautar da mai lafiya ya yi, aka karɓa aka tafi da ita, ta fita daga gado. Ya ce kai ma ka san haka, zaure guda kuka yi karatu."

Alhaji ya daɗe yana kallon cikin akwatin.

"Ya san zan zo."

"Ya san ka, Yaya."

"Wannan fa?"

"Ya ce wannan ba nasa ne shi kaɗai ba. Na Baba ne, ba a taɓa raba shi ba. Ya ce in ka zo, kai ke da magana a kansa."

Alhaji ya warware zanen. Burtu ne: fatar ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda gumin goshi, bakin ya ɗan tsage a gefe an ɗaure da zare. Rabonsa da shi tun yana saurayi. Ya taɓa ɗaurin zaren da ɗan yatsa. Ya kai fatar kusa da hancinsa ya sunsuna.

Ana cikin haka aka yi sallama. 'Yar Tawa ce, mai rawar maharbi, ta kawo wa Tanti cefane kamar yadda ɗaliban suke yi bi da bi. Da ta ga abin da ke hannun Alhaji sai ta ajiye leda, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata.

"Baba Alhaji, a ara muna shi. Rana guda tak. On vous le rend, wallahi, ni da kaina za ni maido ma shi har Montreuil."

"Ubanki ya san kina wannan abu?"

"Shi ka kai ni gwaji da taksinai."

Alhaji ya dube ta, ya dube ni, kamar mu muka haɗa baki da direbobin taksi na duniya. Ya naɗe burtun a zanensa, ya nemi leda ya sa.

"Ba zan ƙona shi ba," ya ce. "Kayan ubana ne. Ba zan kuma bayar a yi wasa da shi gaban Turawa ba."

"Kawu ya so a yi," na ce.

"Kawunki ya ce ni ke da magana. Na yi."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga kicin ta jera wa Tanti cefanen, na ji tana rufe ƙofofin kabad da ƙarfin da ya ɗan wuce kima. A jirgin komawa Alhaji bai sa ledar a ma'ajin kaya ba. A cinya ya riƙe ta da hannu biyu har Paris.

* * *

An yi wasan ranar wata Asabar da la'asar. Tanti ba ta je ba saboda takaba, ni na je mata. Ɗakin ya cika, har da mai gyale a sahun gaba. Daga Montreuil ba wanda ya zo sai yaran baranda guda uku, da Bakanon nan, wanda ya ce wai dama yana da wani aiki a Lyon.

Barewa ta fito da farar fuskarta, 'yan barkwanci suka sa mutane dariya, sannan aka yi tsit. Maharbi ya shigo daga can ƙarshen dandamali. Ɗaliban sun ƙi sassaƙa wani burtu na kwali, sun ce wanda Kawu ya nufa ko babu. Ta fito a durƙushe, baƙin zane a kafaɗa, goshinta babu komai. Ta miƙa wuya, ta sunkuya, ta tsinci abin da babu, ta ɗago ta karkata kai ta dubi barewa da ido guda. Ta matsa. Ta tsaya har sai da na ji wani a bayana ya haɗiye yawu. Ta sake matsawa.

Ban taɓa ganin kakana ba. Ranar na san yadda yake tafiya.

An yi tafi mai tsawo, kuma sun cancanta. Amma ba zan yi ƙaryar da ake yi a irin wannan rubutu in ce rashin burtun bai rage komai ba. Ya rage. Barewa tana tambayar yadda aka yi ta yarda da shi, amsar kuwa tana cikin leda a saman kabad a Montreuil. Yarinyar ta yi aikin mutum biyu, ta fito bayan dandamali wuyanta ya sage.

Washegari da safe waya ta yi ƙara. Alhaji ne, wanda ba ya kiran ƙanana, su ke kiransa. Ya taƙaita gaisuwa.

"An yi?"

"An yi, Alhaji."

"Ba tare da shi ba?"

"Ba tare da shi ba."

Ina jin ƙarar carbinsa.

"To ashe ba a buƙatarsa."

"Ana buƙata. An gayyace su su sake yi a Paris da bazara. Zan zo in karɓa."

"Ba zan ba ki ba."

"Zan zo dai. Juma'ar nan, in an taso daga masallaci. In ka hana, sai wata Juma'ar."

"Kai, wannan yarinya! Halinsa kika ɗauko kaf."

"Ka ce wa Hajiya ta sa tuwo da ni."

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya karɓi sallolin da ya yi a ɗakin ajiye kaya, ya yi masa hisabi da rahamarsa ba da bakin mutane ba. Allah ya ba Tanti haƙuri. Alhaji kuma Allah ya ja kwanansa da lafiya, don akwai Juma'o'i da yawa kafin bazara.